Auta da Ƙararrawar Gobara

Duk benen nan Auta muke ce mata, ko da yake furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Guga take yi a wani shagon wanki, a tsaye tun safe, ta dawo da yamma ƙafafu a kumbure. A hawa na huɗu take zaune da mahaifiyarta, Inna, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara da shekaru. Ni ɗakina a ƙasa yake, gindin matakala, don haka ba abin da ke wuce ni.

Ƙararrawar gobarar gidan nan kuwa shegen tsoro gare ta. Girki ya kama, ta hau kururuwa. Wani ya kunna taba a baranda, ta hau kururuwa. Da ta fara, lif, wato na'urar hawa bene, ya tsaya cak, haka aka yi shi. Tun mutane na fitowa a guje ba takalmi har suka gaji. Yanzu sai dai a ja tsaki a ƙara muryar talabijin.

Ban da Auta. Takan jiƙa tawul ta yafa wa Inna a kai, ta taɓa ƙofa da bayan hannu ta ji ko da zafi, sannan ta durƙusa ta goya tsohuwar da zani, ta sauko tana dafa bango. Maƙwabta har tsokanarta suke yi: "A ba da hanya, ga 'yar kwana-kwana." Abin yana ƙona mini rai, don a cikinsu akwai ƙarti, ba wanda ya taɓa cewa kawo in kama miki. Ni gwiwa ta hana ni hawa, iyakata in fito da kujera da kofin ruwa.

Rannan ko takalmin aiki ba ta cire ba abin ya tashi. Na daɗe ina jiran su fiye da kullum. Da ta sauke Inna a kujera, sai ta zube a ƙasa tana haki. Can mai gadi ya leƙo ya ce madara ce ta ƙone a hawa na biyu.

Inna ta ɗora hannunta mai lafiya a kan 'yarta.

"Auta, ina jin bugun zuciyarki ta bayanki. Za ki kashe kanki a kan ƙaurin tukunya. Ki bari sai ran da wutar gaske ta tashi."

Auta ta ɗago ta dubi matakalar.

"To Inna, ta yaya zan gane ranar? Kukan iri ɗaya ne."

Mai gadi ya ce lif ba zai tashi ba sai mai gyara ya zo gobe. Auta ta shanye ruwan, ta karkaɗe zanin, ta juya wa uwarta baya ta durƙusa.

"Hau, mu je."