Hanyar da ta Ratsa Cikin Gero

Da rani hankalina yakan ɗan kwanta. Idan na tsaya a ƙofar gida ina hango 'yata har ta shiga Islamiyya, gonaki fili fetal. Damina ce ke hana ni zama. Gero ya tashi ya wuce tsawon mutum, 'yar siririyar hanyar ta shige cikinsa, yarinya ta ɓace mini. Gidanmu ne na ƙarshe a wannan gefen, ba ta da abokiyar tafiya.

Tun tana ƙarama take da farfaɗiya. Maganin da muke karɓowa a asibiti ya rage ta, bai raba su ba. Kuma ba ta sallama. Abin da ke cina shi ne ta taso mata a can ciki, ta faɗi rub da ciki tsakanin kunyoyi, cikin ruwan da ya kwanta, babu mai juya ta.

Sai na fara bin ta a ɓoye. In zura hijabi, in bar tukunya a kan wuta. Miyar da na ƙona a wannan daminar Allah kaɗai ya san yawanta. Babanta har cewa ya yi, "Ke kam a ɗinka miki kayan makaranta kawai, ku zauna aji ɗaya."

Ran nan ta waiwayo ta gan ni.

"Umma, yara fa cewa suke har yanzu goya ni kike."

"Rama na fito tsinka."

"Da ludayi a hannu?"

Na duba, ga shi kuwa. Na yi dariya, ita ba ta yi ba, idonta ya cika da hawaye. A nan muka shirya: zan tsaya a ƙofar gida, ita kuma za ta riƙa karanta haddarta da ƙarfi har ta fita daga geron. Muddin ina jin muryarta ba zan ɗaga ƙafa ba.

Haka muka yi ta yi. Ina tsaye, bakina yana bin ta. Ko akuya ta yi kuka sai na ji haushinta.

Wata yamma muryar ta yanke a tsakiyar sura. Ban san lokacin da na bar takalmana ba. Ganyen gero yana yanka mini fuska, ina ta salati. Na same ta a tsaye, lafiya lau, ta ɗaga kai sama tana cizon leɓe.

"Ayar ce ta ɓace mini, Umma."

Sai da numfashina ya dawo na tuna mata farkonta. Ta kama, ta juya ta ci gaba da tafiya. Raina ya so in raka ta ko zuwa gindin wata ɗorawa da ke gaba. Ta waiwayo ta kalle ni ba ta daina karatu ba, na juya na koma ƙofar gida, ina taka ƙasa a hankali don kada motsina ya rufe muryarta.