Tsingaron da Ban Mayar Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Afrilu, da hantsi, ina wurin aiki a Phoenix, Taha Eldon, ƙanen mahaifiyata, ya kira ni a waya. Bai yi kewaye-kewaye ba. Ya ce, "Verla, So'onki ta tafi." Haka na ji rasuwarki, kakata Rosalie Tawayamsi, maginiyar tukwane ta garin Polacca, kina da shekara tamanin da bakwai. An same ki zaune a bakin ƙofa, da ɗanyen yumɓu a hannunki.

So'o, an ce mai rubuta ta'aziyya ya sassauta harshe. Na gwada, na kasa. Fushi nake yi, kin kuma san dalili. Akwai tsingaro guda a aljihuna, guntun tsohuwar tukunya mai ruwan ɗorawa da zanen baƙin fiffike, kuma duk duniya ke kaɗai kika san inda na ɗauke shi. Kin tafi ba ki nuna mini wurin ba.

Ba zan hana ki yabonki ba don ina fushi. Babu amaryar da aka yi a unguwarmu da ba ta shiga ɗaki da kwanon ginin hannunki ba. Shekarar da masarar maƙwabta ta ƙone a gona, kin raba shuɗiyar masararki gida uku, kika ce wai rumbunki ne ya yi miki kaɗan. Matan da kika koya wa gasa tukunya da kashin tumaki sun fi ashirin, kuma ba ki taɓa ce wa ɗayarsu aikinta ya yi kyau ba. Iyakarki ki juya tukunyar a hannu ki ce, "To, za ta riƙe ruwa." Mai hankali ta san ta ci jarrabawa.

Duk bazara kafin shuka sai kin sa an kai ki tsohon garin kakanninmu na bakin kogi, wanda yanzu gwamnati ta kewaye, ta yi masa ƙofa da hanyar baƙi. Kina isa ki yayyafa garin masara ki gaisa, kamar mai shiga gidan surukai. Sannan ki durƙusa. Idan tsingaro ya ɗauki idonki, ki ɗaga shi da dama, ki sa yatsan hagu a gurbin da ya bari don kada ya ɓace miki. Ki daɗe kina kallon zanen, ki jiƙa yatsa da miyau ki kwaikwaye shi a damtsenki, sai ki mayar da shi yadda kika same shi, fuskar da ke sama tana sama. Ki ce, "Askwali," wato na gode. Shekara sittin kina koyon zane a wurin nan, ko ƙwaya ba ki kai gida ba.

Su kuwa baƙi fa? Tir! Su zo da manyan huluna da gorunan ruwa, su tsittsince tsingaro su jera a kan dutse, wai suna taimaka wa na baya ya gani. Wa ya aike ku? Wasu ma aljihu suke cikawa. Na tuna wani dogo da muka tarar yana zubawa a hularsa. Kika ce masa, "Ɗana, kwanukan wa kake kwashewa?" Ya ce ai kufai ne, masu shi sun daɗe da barinsa. Kika ce, "Kufai? To ni ɗin nan da ke gabanka fatalwa ce? Ba mu bar shi ba, sawunmu ne muka ajiye, don a san mun bi ta nan." Ya juye hular a nan inda yake tsaye, yana ganin ya gyara. Ranar kin yi kuka a mota, domin ya raba kowanne da gurbinsa har abada.

A ranar ce ni ma na yi sata, ina 'yar shekara tara. Kina faɗa da mutumin, na sunkuya na cusa nawa a safa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana bina daga makaranta zuwa ɗakin haya, na daɗe ina zaton ba wanda ya sani. Sai shekarar bara waccan, muna murza piki, siririyar wainar masararmu, a kan dutse mai zafi, kika ce ba tare da kin dube ni ba, "Ɓarauniya, yaushe za ki mayar wa mutane fiffikensu?" Na kusa ƙona hannuna. Ashe kin gan ni. Ashe duk ziyara sai kin tsaya a gurbin kin ba su haƙuri a madadina.

Na ce ki kwatanta mini wurin. Kika ce, "Ba na yi wa ɓarawo kwatance da baki. Ki zo da ƙafarki, mu je tare." Na ce bazara mai zuwa. Ta zo na ce aiki. Ta sake zuwa na ce motata. Bana na yi alkawarin ƙarshen wata. Haba So'o! Kwana goma sha tara kacal suka rage. Ke da kika jira ni shekara talatin, me ya gagare ki a kwana goma sha tara? Ni ma kuma, wace irin sakarya ce ke yi wa 'yar tamanin da bakwai alkawarin ƙarshen wata?

Jiya Asabar na je tsohon garin ni kaɗai. Na zagaya bangayen nan tun safe har rana ta take, ina duba gindin kowace kusurwa. Ƙasa duk tsingaro ce, kuma iskar shekara talatin ba ta bar gurbin kowa a buɗe ba. Wata ma'aikaciyar wurin ta ga ina ta kai da komo, na faɗa mata gaskiya. Ta tausaya mini. Ta kai ni ofis ta nuna mini wani kwali cike da irin nawa, waɗanda baƙi suka sata suka aiko da su ta gidan waya da wasiƙun neman gafara. Ta ce, "Sa naki a nan, ba komai." Na leƙa. Ɗaruruwa ne a cakuɗe, babu wanda aka san gidansa. Da hannuna zan jefa fiffiken nan cikinsu, bayan duk haƙurin da kika ba da? Na yi mata godiya, na maida shi aljihu, na fito.

Mahalicci ya jiƙan ki, So'o, ya sassauta miki hanya, ya sa kakannin da kika gaisar duk bazara su tarbe ki da fara'a. Ki dawo mana cikin gajimare, ki shayar da masararmu. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyata Lucinda, da Taha Eldon, da dukan danginmu, da matan da kika koya wa gini. Ubangiji ya ba su haƙuri da dangana.

Ni kuwa kada kowa ya yi mini gaisuwa tukuna. Zan koma wurin duk bazara in durƙusa in nema. Idan kin isa wurin mai tukunyar, So'o, ki faɗa mata sunana, ki ce kayanta yana hannuna, kuma yanzu babu mai ba ta haƙuri sai ni.