Ranar da Muka Ƙi Shiga Fili

Ɗazu ƙamshin shayi mai na'a-na'a ya buge ni a unguwar Rusaifa, nan ƙasa mai tsarki, har yanzu zuciyata ta ƙi kwanciya. Irinsa Baba, dattijon da ya koya mana ƙwallo a shekarun sittin yake sha, a tsaye, yana kai-komo, don shi ba ya zama.

Wata la'asar attajirin da ke da ƙungiyarmu ya rage mana kuɗin wasa. Muka tuɓe takalma, muka zauna a bakin fili, 'yan kallo suna ta ihu.

"Yalla, ku shiga, ko in kira 'yan sanda!" in ji attajirin. "Wa ke da iƙama cikinku?"

Ba ni da ita, wato takardar izinin zama a ƙasar. Na jawo takalmina zan sa, ina tunanin masoyiyata da zan bari a unguwar Nakkasa in aka kore ni.

Sai Baba ya zauna a ƙasa kusa da ni. "Ya shaikh, fara da ni, nima ba ni da ita. In ka sa an kore mu, sai ka tsare ragar da kanka."

Attajirin ya dubi taron, ya janye maganar ragin kuɗin.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya saukar da kai inda ba a tambayar takarda.