Inna Ketura, Mai Yi Wa Cinnaka Gada

Da sassafe a Faurodo, kafin masu kwalekwale su dawo daga teku, akwai muryar da kowa ya saba ji. Inna Ketura ce tafe tsakanin gidaje, adda a hannu, ƙunshin igiyar daji a kafaɗa, tana cewa, "Maza, a kauce, zan hau!" Duk namijin da ke kusa sai ya ja da baya, don a nan tsibirin Malaita namiji ba ya tsayawa ƙarƙashin mace. Sai ta tattare zane, ta kama bishiya, ta haye.

Haka muka taso muka same ta. Iyayenmu ma sun ce tun suna samari take wannan hawa.

Aikinta da jan cinnakan nan ne mai ɗinka ganye ya yi gida a saman bishiya. Mu dai cizonsa muka sani. Ita kuwa ta lura tun tana budurwa cewa duk inda yake, ƙwaron nan mai tsotse 'ya'yan kwakwa da gwanda da tohon rogo ba ya iya zama. Matsalar cinnaka ɗaya ce: in ya sauko ƙasa zai canza bishiya, kiyashi ya tare shi a gindi ya hallaka shi. Shi ya sa take ɗaura masa igiya daga reshe zuwa reshe, ya bi ta sama abinsa. Kafin ta haɗa bishiya biyu, sai ta ɗebi kaɗan a ganye ta kai ɗayar ta zuba ido. In sun kama faɗa, ba gidansu ɗaya ba, ba ta haɗawa. In abinci ya yi musu wuya, ta rataye musu kan kifi. Hannayenta duk tabo ne, har zuwa gwiwar hannu.

Inna, ke ce kika sa yaranmu suke tsinkar gwanda su ci nan take, ba uwar da ke fargabar an fesa mata wani abu. Ba ki taɓa yanka wa kowa farashi ba. Wanda ya kawo kifi kin karɓa, wanda ya kawo "sannu da aiki" ma kin karɓa.

Amma abin da mutanen Faurodo ba za su manta ba shi ne shekarar lambun Salome.

Salome matar marigayi Jemuwel ce. Shi da wansa Festus sun yi shekaru ba sa ga maciji a kan iyakar filin da ubansu ya bari, har Jemuwel ya rasu ba su shirya ba. Ya bar mata yara ƙanana da lambu a bayan gida. A shekarar ƙwaro ya sauka a lambun. Kwakwa na zubowa tun tana kamar ƙwan kaza, gwanda ta yi baƙin tabo, rogo ya ƙanƙance. Danginta suka aiko ta kwaso yaran ta koma gida. Kowa kuma ya san in ta tafi, filin ya tafi, yaran za su girma ba su da inda za su nuna su ce nan ne na ubanmu.

Inna Ketura ta same ta zaune a bakin ƙofa, ta yi tagumi.

"Inna, gobe zan shiga garin Auki in sayo maganin feshi. In bai yi ba, na haƙura."

"Ki fesa wa abin da yaranki za su kai baki? Ba ni lokaci kaɗan, 'yar nan."

Ta zagaya lambun ta duba. Cinnaka mafi kusa yana kan babban mangwaron Festus, can ƙetaren iyaka. A gefen Salome kuma akwai wata 'yar gajeriyar bishiyar lemo a bayan dutse. Ta je ta gai da Festus ta roƙe shi.

"Inna, ina ganin girmanki," in ji shi. "Amma ko ganye na hana ya tsallaka gidan can."

"Cinnakan naka ne? Kai ka raɗa musu suna?"

"A bishiyata suke kwana."

Washegari ta yi kiranta, maza suka kauce, ta hau mangwaron ta ɗaura igiya zuwa lemon. Festus ya zo da adda ya datse. Ta sake ɗaurawa, ya sake datsewa. Da ta ɗaura ta uku sai ta sauko, ta zauna a bakin 'yar siririyar hanyar da ke kai wa gindin mangwaron, gefe ƙaya gefe rami, ta miƙe ƙafafunta biyu suka tare hanyar.

Festus ya iso ya ja ya tsaya. Namijin da ya tsallake ƙafar mace a garin nan ya gama zubar da mutuncinsa.

"Inna, janye ƙafarki."

"Sun gaji, ɗan nan. Hutawa suke yi."

"Kin san ba zan tsallaka ba."

"Na sani mana. Ina ɗakin ranar da aka yanke maka cibi, ihunka har bakin teku. Zauna, ga dankali da zafinsa."

Bai zauna ba, ya juya. Amma kullum ya dawo, nan yake tarar da ita. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, cinnakun da take wa hidima suna faɗo mata a wuya suna cizo. Waɗanda suka wuce sun ce ba su ji ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Duk zuwansa sai ta gaishe shi, ta tambayi lafiyar iyali. Sama da kanta kuwa igiyar ta yi ja da cinnaku, suna ta wucewa. Da ganyen lemon ya fara naɗewa gida-gida, Festus ya gaji ya daina zuwa. Daga lemon ta ja igiya zuwa gwanda, daga gwanda zuwa kwakwa. Kafin shekara ta juyo Salome na kai kaya kasuwa, ta aika wa danginta cewa tana nan.

Ke ce, Inna, kika zauna a ƙasa kamar marar aikin yi, har marayu suka tsira da filin ubansu.

Bayan shekara biyu guguwar teku ta zo. Ta ɗauke rufin coci, ta karya ayaba, ta tumɓuke mangwaron Festus. Manyan bishiyoyin gari duk suka zama tsirara, cinnaka ya ɓace. Da sabon toho ya fito, ƙwaro ya riga kowa. Inna Ketura ta bi gari lungu-lungu tana ɗaga kai, ba ta sami gidan cinnaka ko ɗaya ba sai a lemon Salome, wanda dutse ya kare.

Festus ya daure iya daurewa, har ya ga tasa kwakwar na zubowa ɗanya. Wata safiya ya je wurin Inna Ketura roƙon cinnaka, yana magana yana kallon ƙasa.

"Ba ni za ka tambaya ba," in ji ta. "A bishiyarta suke kwana."

Mutane da dama sun ga tafiyarsa gidan Salome, gidan da bai taka ba ko ranar jana'izar ƙaninsa. Ya tsaya a bakin iyaka. Salome ta daɗe tana kallonsa.

"Yaya, shigo mana. Ai dama daga wurinka suka zo."

Lokacin gwiwar Inna ta fara ba ta wahala, don haka shi ya hau, tana ƙasa tana nuna masa reshe. Daga wannan lemon aka sake raba wa Faurodo cinnaka, lambu bayan lambu. Maganar iyaka kuma ba wanda ya sake tayar da ita.

Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci, Inna Ketura ta sanar cewa ta bar hawa. Ido ya yi rauni, ƙafa ta ƙi. Aka gasa gwaza da kifi a kan duwatsu masu zafi, aka ci a inuwa, mata na share hawaye. Ta miƙa wa Festus addarta, ga shi da furfura shi ma.

"Ɗaurinka har yanzu kamar na mai jin barci," ta ce masa. "Amma za ka iya."

Mun gode, Inna Ketura. Mun gode da tabon hannunki, da safiyoyin da kika bar tabarmarki saboda lambun da ba naki ba. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya sa ki daɗe kina cin gwandar da kika tsare. Mu kuma da muka rage, kafin mutum ya kai wuta gidan cinnaka don ya cije shi, ko ya sayo abin fesawa, ya ɗaga kai ya dubi igiyoyin nan. In maƙwabcinka na bukatar igiya daga bishiyarka, ka bar shi ya ɗaura.

Yanzu da sassafe Festus ne ke wucewa da igiya a kafaɗa. Shi ba ya bukatar korar kowa, amma ta hana shi hawa shiru. Daga bakin ƙofarta take yi masa kiran, da 'yar muryar da ta rage mata: "A kauce, za a hau!" Mu kuma har yau muna kaucewa.