Gwaggo Ladi da Miyar da Ba Lami Ba

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina tsintar wake, sai ga maigidana ya shigo. Ba lokacin dawowarsa ba ne. Sana'arsa sayen fatu da ƙiraga, kuma shekara huɗu ke nan da kawo ni gidan nan na Ƙofar Mazugal, ban taɓa ganin ya dawo daga rumfa bai tsaya a zaure ya wanke hannu da ƙafa ba. Ran nan bai tsaya ba. Ya zo har gabana, ya ƙura wa faifan da ke cinyata ido, ya ce, "Gwaggo ta cika." Na ce, "Wace Gwaggon?" alhali Gwaggo ɗaya gare mu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zazzaɓin kwana uku ne, wanda ita da kanta ta ce ba abin tayar da hankali ba ne. Kafin azahar an kai ta makwancinta.

Gwaggo Ladi ƙanwar mahaifin maigidana ce, ita ta riƙe shi tun yana ɗan shekara biyar, bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ungozoma ce a Jakara, kuma na san matan unguwar suna da abin faɗa a kanta wanda ya fi nawa nauyi, domin da yawa daga cikin 'ya'yansu a hannunta suka fara kuka. Ni abin da zan shaida ƙarami ne a ido. Da tukunyar miya ta riƙe mini aurena a lokacin da ya kusa kuɓuce mini, kuma ba ta taɓa bari wani ya ji ba. Yau da ba ta nan, na nemi izinin maigidana in faɗa.

Mahaifina malamin makaranta ne, shi ya koya mini karatun boko, har aka kawo ni ɗakin miji da ƙananan littattafan labarai a ƙasan akwati. A cikinsu na koyi aure. Amarya takan yanka kaza, ango ya ci ya yi ta santi. Saboda haka na duƙufa: yau farfesu, gobe dambun nama, jibi miyar da man shanu ke yawo a kanta. Maigidana ɗan lokaci kaɗan yake samu bayan azahar kafin ya koma ɗaure fatun da za a loda a jirgin ƙasa zuwa Ikko. Sai ya buɗe akushi, ya yi loma biyu, ya ce an gode, ya rufe. Wata uku ana haka, yana ta ramewa. Daga nan wata maƙwabciya ta raɗa mini cewa ana ganinsa a bakin kasuwa yana cin ɗanwaken talla. Kowa ya san abin da ake cewa idan miji ya bar abincin matarsa ya ci na waje. A littattafaina kuwa ma'anar abin ɗaya ce, zuciyarsa ba ta wurina. Na ɗaure kayana a zane, na ce gobe sai gidanmu.

A ranar Gwaggo ta biyo, ta dawo daga wata haihuwa. Ta ga ƙullin kayan a bakin ƙofa. Ba ta tambaye ni ba, sai ta jawo shi ta zauna a kai, ta ce ƙafafunta sun gaji. Ta buɗe akushin da maigidana ya bari, ta cinye naman tas, ta suɗe hannu.

Ta ce, "Miyarki ba ta da laifi, 'yar boko. Amma in tambaye ki, kin taɓa shinshina rigarsa in ya dawo?"

Na sunkuyar da kai.

"Mutum ya wuni tun asuba cikin ɗanyar fata da ƙudaje, ya shigo gida ki tare shi da ƙarnin nama? Tun ran da ya fara bin ubansa rumfa, nama bai ƙara wuce maƙogwaronsa da daɗi ba. Ko man shanu ya ji, sai zuciyarsa ta tashi."

"To, Gwaggo, me ya hana shi ya faɗa min?"

"Abin da ya hana ki tambaya. Ya ga amarya ta sha hayaƙi dominsa, ya ce mata ba ya so? Ai gara ya mutu da yunwa, haka ubansa yake."

Na ce ni dai a littafi ba haka na gani ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "A littafin naki akwai mai sayar da fata?" Ba ta tashi daga kan ƙullin nan ba sai da aka kira la'asar, kuma da ta tashi na riga na ji kunyar ɗaukarsa.

Tsorona shi ne a ce amaryar gidan wane lami take yi, wato miya ba nama, abincin da ake ɓoyewa in an yi baƙi. Gwaggo ta tsani kalmar nan. Takan ce, "Miya ba ta zama lami, sai dai mai miyar." Washegari ta zo da kayanta a ƙwarya, ta fara da daddawa. Ta hana ni jefa ta cikin tukunya haka nan, ta ce in ɗora ta kan garwashi tukuna har ƙamshinta ya tashi, sannan in daka. Ta nuna mini yadda ake soya albasa da yawa a man gyaɗa, a wuta kaɗan, har ta yi ja ba ta ƙone ba, a juye a ƙaramin tulu a rufe. Ta ce a wurin wata maƙwabciyarta, jikar Larabawan Turabulus, ta gani tun tana yarinya. Cokali ɗaya na man nan yakan tayar da miyar kuka daga barci. Yaji kuwa ranar Juma'a ake daka na mako guda, da citta da masoro da kanumfari da ƙuli-ƙuli.

Duk girkinta na mai sauri ne, domin ba ta san lokacin da za a buga mata ƙofa ba. "Naƙuda ba ta jiran tuwo ya nuna," in ji ta. Wake a jiƙa shi bayan sallar asuba, a sa masa 'yar kanwa ya yi laushi da wuri. Zogale a dafa da yawa a shanya, ran da aiki ya yi yawa a kwaɗanta shi da ƙuli-ƙuli da albasa. Kabewa da gyaɗa da yakuwa su haɗu su ba da taushen da ba mai tambayar ina naman.

Aibina ɗaya ta kasa raba ni da shi, wato in ɗora tukunya in buɗe littafi in manta da duniya. Sau biyu ina ƙona mata albasa. Da wata ce, da ta ƙwace littafin. Ita kuwa, da yake ba ta iya boko ba, sai ta ce in riƙa karantawa da ƙarfi tana ji, tana lura da wuta. A haka ta auna mini kowane girki da shafi. Ɗanwake shafi biyu ne bayan ya taso, faten wake shafi bakwai, albasa kuwa ba a karatu a kanta sam. Tana kaɗi tana sa baki a labarin. Wata rana ta katse ni ta ce, "Tsaya. Wannan saurayin da ke ta hawa dutse yana sauka, tun shekaranjiya ban ji ya ci komai ba. Ba shi da gwaggo ne?"

Ran da na fara yi wa maigidana taushe, akushin ya dawo kamar an wanke. Kwana biyu sai ga Gwaggo: "An ce a gaya miki an ji daɗi, amma a rage tsami." Haka muka zauna shekara huɗu. In yana son alala, Jakara zai je ya faɗa, ita ta tako har Ƙofar Mazugal ta gaya mini. Ni ma in ina da tambaya, ta wurinta take bi. Ta sha yin mita, tana cewa mun mai da ita gidan waya, amma ba ta taɓa ƙin kai saƙo ba, kuma na tabbata tana gyara shi a hanya.

Kwana bakwai na zaman makoki maƙwabta sun yi ta aiko da abinci, Allah ya saka musu, sai dai kusan duk da nama. Ina kallon maigidana yana shan ruwa yana miƙa wa baƙi kwano. Rana ta takwas ya koma rumfa, na yi masa faten wake, hankalina ba ya jikina. Ya yi loma uku ya dakata. Na zauna daga gefe ina tunanin yanzu wa zai gaya mini abin da ke ransa. Sai ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Gishirin bai ji ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ban sani ba ko haka ake faɗa. Ita ce ta iya."

Na ce, "Haka ake faɗa, Malam."

Na kawo gishiri na barbaɗa masa da hannuna. Ya cinye, ya miƙo mini akushin ya ce in ƙaro. Sai da na shiga madafa na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar Talata.

Ya Allah, ga baiwarka Ladi ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Yadda ta rufa mana asiri, ka rufa mata nata ranar tsayuwa. Yadda ta ciyar da masu gaggawa ta tarbi masu zuwa duniya, ka tarbe ta da sauƙi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ka ba 'ya'yanta biyu da jikokinta haƙurin rashinta, da matan Jakara da suka rasa wadda suke buga wa ƙofa, da ɗan da ta riƙa wanda ya yi maraici sau biyu. Mu kuma da ta bari a gida ɗaya, ka daidaita tsakaninmu, ka kyautata namu ƙarshen in ya zo. Amin.