Garinmu a Kan Teburin Bature

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Atlanta, ni da wani dattijo maƙwabcina, Alhaji ɗan Kano mai tuƙa tasi, wanda na roƙa ya kai ni Greensboro. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Matar ƙanena ce ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa, wai mijinta ya sa almakashi ya yanka shaddarsa ta Sallah, ya kai wa wani Bature da suke aiki tare a sito. Kafin nan ma ya zana masa gidanmu na ƙauye, can kusa da Tasawa, ɗaki-ɗaki, har da rijiya da turken awaki.

Ku da ke zaune a ƙasar nan kun san halin da muke ciki tun da jiragen nan suka faɗa wa benaye. Ƙanena kuwa takardunsa ba su fito ba, shekara da shekaru yana jira. Baturen da ke tambayar ƙofa nawa ce a garinku, ai ɗan leƙen asiri ne. Mai neman tufar jikin mutum kuma, ko a gida mun san sunansa. Na rasa wanda zan fi tsoro, hukuma ko boka. Na dai cusa leda a jaka da niyyar in kwaso ƙyallayen shaddar nan kaf, ko za a yi rigima.

Hanyar shimfiɗe take, itatuwa dama da hagu har ido ya gaji. Mai ya yi tsada, galan ya doshi dala uku, Alhaji kuma duk gidan man da muka wuce sai ya karanta farashin da ƙarfi, don kada in manta alherin da ake yi mini. Mun tsaya a Carolina ta Kudu, inda matar kantin ta yi ta kirana da sunayen kayan zaƙi su zuma su sukari, tana tallata mini burodi da nama. Naman da ban san asalinsa ba sai dai mu gaisa daga nesa. Kilishin jakata muka ci.

Bayan azahar muka shiga Greensboro. A titin Wendover mota na bin mota, kantuna kuwa kowanne ya isa ya haɗiye kasuwar ƙauyenmu. Matar ƙanena ta kawo dambu da zogale, na yi loma biyu na ture kwanon, na juya kan mai gidan.

"Wane ne Baturen nan?"

"Yaya, gem ne kawai yake yi. Wasa ne."

"Wasa da shaddar Sallah? Kai da papiye ɗinka, takardun zamanka, ke hannun mutane?"

Ya sunkuyar da kai ya ce gobe Asabar ana jiransa a gidan Baturen, in zo in gani da idona.

Washegari muka nufi Summerfield. Gari ya ƙare, gidaje suka fara nisa da juna, ga dawakai a bayan shingen katako. Na ce wa Alhaji ya juya motar ta fuskanci titi, kuma makulli ya zauna a hannunsa. Baturen dogo ne mai furfura, yatsunsa duk fenti, fara'arsa kuma ta yi mini yawa. Ya miƙo shayi mai ƙanƙara, na riƙe kofin har ya yi ɗumi ban kai baki ba. Da ya ce mu sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai na fara karanto duk addu'ar da na sani.

Tebur ne a ƙasan, ya kai ƙyauren gareji girma, a kansa kuma garinmu. Ba ƙari nake yi ba. Ga rijiyar, ga kukar bakin masallaci, ga rumbunan Baba a jere, ga katangarmu da ta zube ta gabas. Da kwali da farin soson da ake naɗe sabuwar firiji ya gina su, ya shafe da gam da yashi, jinkar ɗakuna kuwa tsintsiya ce ya yayyanka. Bai rasa nasa shirmen ba, don ya dasa ayaba a bakin rijiya, ya ajiye zaki a bayan gari, mu da ko kura sai a bakin tsofaffi muke jin ta. Mayaƙan na dalma ne, ba su kai tsawon yatsa ba, riƙe da masu da garkuwa. Ƙanena ya yi mana bayani cewa ƙabila biyu ake yi, ɗaya ta kawo hari ɗaya ta tsare gari, a auna tafiyarsu da awon tela, a jefa ɗan lido ya faɗi wanda ya mutu.

Maharan daga su sai bante. Masu tsaron gari kuwa kowanne sanye da 'yar riga shuɗiya, wadda na gane tun daga matakala.

"Ga shaddar," na ce. "Da ya roƙa, me ya ce zai yi da ita?"

"Bai roƙa ba, Yaya, ni na kawo. Tsirara na tarar da su a ƙofar gidan Baba, na kasa kallo."

Aka fara wasa, Alhajin da na ɗora wa gadin makulli sai ga shi yana hura wa ɗan lido iska, yana ba da umarni a tare gabas. Duk da haka mahara suka shigo ta inda katangar ta zube. A dokar wasan, ɗakin da aka ci ana ɗora masa audugar da aka rina ja da baƙi, alamar ya kama wuta. Baturen ya ɗauko audugar yana dariya, ya nufi ɗakin da ke kusa da murhu. Kafin ya sauke ta, ƙanena ya riƙe masa hannu.

Ɗakin Inna ne, a ciki ta rasu. Ni na je gida an yi zaman makoki da ni, shi kuwa ba halin fita, don in ya fita ba dawowa. A waya ya ji an kai ta. Ya yi wa Baturen bayani, mutumin ya yi ja har kunne, ya mayar da audugar cikin gwangwani ya rufe. Wasan bai ci gaba ba.

Na sunkuya ina kallon ɗakin. Har dutsen da take zama a kai tana tsefe mini kai yana nan a bakin ƙofa, dutsen da ni mai zuwa gida na manta da shi. Ashe duk Asabar gida ƙanena yake zuwa, iyakar inda takardunsa suka bar shi ya kai ke nan. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Ran Lahadi muka dawo Atlanta, Alhaji na ta mitar cewa da an bi shawararsa da garin bai faɗi ba. Tafiyar ta koya mini cewa kewar gida tana kai mutum inda ba a zata ba, ni kuwa ban taɓa tambayar ƙanena tasa ba. Kada dai ku ce na yarda da Baturen, don har yau ban san abin da zai sa mutum da furfurarsa ya gina garin da bai taɓa takawa ba. Amma ledar da na tafi da ita wayam na dawo da ita. Ni ma ban iya barin mayaƙan nan tsirara a ƙofar gidan Baba ba.