Shinkafa Mai Bin Ruwa

Babana manomin shinkafa ne a fadamar da ke bayan Wamakko. Ni boko ya kawo ni cikin Sakkwato, na yi aikin koyarwa, na kama gida a Gawon Nama. Duk kaka sai ya aiko mini da buhun jar shinkafa mai kauri, wadda in ka ci tuwonta da rana ba ka sake neman abinci sai gobe. Mai bin ruwa yake kiranta. In gulbi ya cika ya malalo fadama, ba ta nutsewa. Ruwa ya hau, ita ma ta hau, har karanta ya fi mutum tsawo, wata shekarar ma a cikin jirgi ake yankanta. Irin daga hannun kakana ya karɓa, kuma ba a sayar da shi a kasuwa. Dole kowace damina a shuka, a ware mai kyau a ajiye, domin iri rai gare shi, in ya daɗe a rumbu bai ga ƙasa ba mutuwa yake yi.

Sai wata shekara aka ce wata hukuma ta tarayya ta kawo shirin noman shinkafa. Katafila ta zo, aka datse gulbi, aka ja hanyoyin ruwa, aka yanka fadamar fegi-fegi. Daga nan aka mayar wa kowa gonar da ya gada, amma da sharaɗi. Iri ɗaya za a shuka, wanda hukuma ta kawo, a lokacin da ta faɗa. Wanda ya zuba wani iri za a karɓe gonarsa, wai kada ya gurɓata nasu.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, sabuwar shinkafar ta yi albarka, rumbuna sun cika. Baba bai taɓa musun haka ba. Abin da ya roƙa bai taka kara ya karya ba. A gefen gonarsa akwai wani kwari da katafila ta tsallake, ruwa na kwanciya a ciki, sabuwar ba ta iya rayuwa a wurin. Nan yake so ya zuba mai bin ruwa, don kawai irin ya rayu.

Ina nan ranar da malamin gona ya zo zagaye. Ɗan Sakkwato ne, mai ladabi, sai da ya durƙusa ya gaida Baba.

Baba ya ce, "Ɗana, kwarin ga kaɗai nika so. Taku ba ta rayuwa ciki, tawa ba ta hita wajenai. Mi zan ɓata muku?"

Ya ce, "Wallahi Baba na sani. Mu ma ita munka ci munka girma. Amma oda ce daga sama."

Baba ya ɗaga kai ya dubi sama, ba da wasa ba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Abu biyu na sani da ka saukowa daga sama, ruwa da hukuncin Allah. Wagga ta ukku, wa yas sauko da ita? Kai ni gare shi mu yi magana."

Malamin gona ya sunkuyar da kai. Ba shi da wanda zai kai shi gare shi, shi ma bai taɓa ganinsa ba.

Ni na ɗauki maganar, tunda ni ne ɗan bokon gida. Na je ƙaramar hukuma, suka ce ba huruminsu ba ne. Na je ma'aikatar jiha, suka ba ni kujera, suka ce abin na tarayya ne. A ofishin shirin kuwa na tarar da mutanen kirki, kowa ya ji ni, kowa ya girgiza kai, kowa ya nuna mini Abuja da baki. Doka ɗaya aka rubuta wa mai noma a bakin teku da mai noma a bakin gulbin Rima, kuma a duk faɗin jihar nan babu mahaluƙin da ke da ikon ɗaga ta don kwari guda. Kai! Na fito ina tafasa, har mai kabu-kabun da ya ɗauko ni a babur sai da ya ce, "Malam, lafiya?"

Tun ranar nake da ra'ayina, kuma ban canza ba. A da rigimar ruwa ko iyakar gona gaban mai gari ake kai ta, in ta gagara a je wurin hakimi. Su ma ba mala'iku ba ne, sun sha danne mutane. Amma mai ikon da kuke sallar Juma'a sahu ɗaya, wanda zai zo jana'izar ubanka, kana iya tare shi a ƙofar masallaci, ko ka tura masa dattijon da yake jin nauyi. Wanda ke zaune can nesa, nauyin wa zai ji? Bai san kwarin Baba ba, ba kuma laifinsa ba ne, ba yadda za a yi ya sani. Laifin shi ne a ɗora masa hukuncin abin da ba zai taɓa iya sani ba. Tarayya ta tsare iyaka, ta tsare hanya, ta tsare rayuka, wannan ai ya ishe ta aiki. Abin da za a zuba a gona a bar wa masu gona da shugabannin da suke iya gani.

Da muka rasa mafita, Baba ya raba irin biyu. Rabi ya bai wa wani ɗan ƙanensa da ke noma a can ƙasan gulbi, inda shirin bai kai ba. Ya shuka, ta fito. Kafin ta nuna 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, mutane suka gudo da kayan jikinsu, shinkafar ta zube a ruwa. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, wallahi. Inda aikin 'yan tarayya yake ba su je ba, suna gonar Baba suna gadin iri.

Sauran rabin yana cikin tukunya a rumbu, an liƙe bakinta da laka. Damina ta wuce, wata ta bi ta, wata ta sake bi. Sai aka canza manyan hukumar, kuɗin shirin ya tsaya, dokar ta mutu da kanta, babu wanda ya zo ya ce an ɗage ta. Baba ya aiko a kira ni.

Ya fasa lakar a gabana, ya ɗebi tafi guda ya jiƙa, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu ya ajiye a inuwa, yadda ake gwada iri. Na zauna tare da shi kwanakin. Kullum da hantsi sai ya buɗe, ya tona da yatsa, ya yayyafa ruwa, ya rufe. Ya sake gwadawa da na tsakiyar tukunya, ya sake da na gindi. Ko ƙwara ɗaya ba ta tsaga ba.

Bai zagi kowa ba. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," kamar an yi masa rasuwa. Ya kira Inna ya ce, "A surhe ta duka, a tuƙa. A kiro mini jikokina."

Na koma Gawon Nama na kwaso yarana. Tuwon ya ɗan yi warin rumbu, ƙaramarsu har ta yamutsa fuska. Baba ya gutsura da hannunsa, ya dangwala miya, ya kai mata baki.

Ya ce, "Ci, uwata. Ci ki riƙe ɗanɗanon. Ba a sake yin ta."